Saƙonnin da suka daina buɗewa

Shekarar da aka yi mini canjin wurin aiki daga Kazaure zuwa Gwiwa, ban tafi da iyali ba. Yara suna makaranta, maiɗakina kuma tana koyarwa a cikin gari, sai muka yanke shawarar in kama ɗaki a can, in riƙa leƙo gida ƙarshen mako idan hali ya yi. A sashen aikin gona nake. Ofishin da aka ba ni ɗan ƙarami ne, tagarsa na kallon wata gonar gero.

A Kazaure akwai wani dattijo da muka daɗe muna aiki tare. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ya fi kowa a ofishin sanin kwamfuta, don mutum ne mai son bin diddigin abu. Malam nake ce masa, shi kuma ya ce mini ƙanina. Takardar da ta kai ni Gwiwa ita ta kai shi Babura, a matsayin babban jami'in shiyyarmu. Duk saƙon da ya fito daga hedikwata wurinsa zai fara zuwa, shi zai rarraba mana.

Ranar da za mu rabu ya karɓi kwamfutata, ya ce sabis ɗin Gwiwa ba shi da ƙarfi, zan sha wahala wajen sauke takardu. Sai ya nuna mini wata 'yar manhaja da ya saka a jikin imel ɗinsa, ya saka mini irinta. Idan za ka tura wa wani saƙon da aka aiko maka, sai ta ba ka zaɓi biyu. Ko ka maƙala saƙon gaba ɗaya da duk takardun cikinsa, ko ka tura linki kawai, wanda ya karɓa ya danna ya karanta shi daga akwatinka. Malam ya ce linki zai riƙa turo mini, ba nauyi, ba cin data.

Mutanen Gwiwa sun karɓe ni hannu bibbiyu. Sai dai da zarar an yi la'asar kowa ya kama hanyar gidansa, ni kuwa ba inda zan nufa sai ɗakin da na kama. Nakan sayi tuwo in ci ni kaɗai, in kunna rediyo don in ji muryar mutum. Da hantsi nakan ɗauki kwamfuta in koma gindin wata tsamiya a bayan ofis, domin nan ne sabis yake ɗan kamawa.

Malam bai taɓa turo linki tsirara ba. Kullum sai ya rubuta wani abu a samansa. Wata rana ya ba ni labarin akuyar da ta shigo masa ofis ta tauna kalanda, wata rana ya yi ƙorafin tsadar wake. Akwai wanda na haddace: "Ƙanina, ga maganar rabon taki. An yi ruwa a nan jiya. Kana dai cin abinci ko?" Nakan karanta nasa kafin in danna na gwamnati, in ba shi amsa mai tsawo, har tsawonta ya ba ni kunya.

A damina ta biyu saƙonninsa suka fara gajarta, kurakurai suka yi yawa a rubutun, abin da ba halinsa ba. Na ɗauka aiki ne ya yi masa yawa. Daga nan suka tsaya. Na buga masa waya ban samu ba, na ce ko yana ƙauye wajen duba gonaki.

Ana cikin haka na buƙaci wata takarda kan rabon iri da ya turo mini watannin baya. Na danna linkin, ya ƙi buɗewa. Na gwada wani, shi ma haka. Na ɗora wa sabis laifi, washegari na hau babur zuwa Roni, ofishin wani abokin aikinmu, inda intanet ta fi kyau. Can ma ba wanda ya buɗe. Abokin aikin nawa ya dube ni da mamaki, ya ce ashe ban ji ba. Malam ya ajiye aiki saboda rashin lafiya, an rufe akwatin imel ɗinsa, har an turo sabon jami'i Babura. Tunda a akwatinsa saƙonnin suke, sun tafi tare da shi.

Na daɗe zaune a wurin. Takardun ba su dame ni ba, za a sake turo su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a bakin wani na ji.

Da na sake kira, maiɗakinsa ce ta ɗauka. Ta ce ciwon suga ne ya taɓa masa ido, sun koma gida Kanya Babba. Asabar ɗin nan ban je Kazaure ba, can na nufa.

Na same shi a zaure kan tabarma, ya rame. Da sallamata ya gane ni. Muka gaisa, aka kawo fura, ya tambayi yara da yadda gero ya yi a wajenmu. Sai da hira ta lafa na ce, "Malam, ai da ka faɗa mini."

Ya ce, "Na yi zaton zai washe ne, ƙanina. Saƙonnin ƙarshen nan sai na kai fuskata jikin gilashin kwamfutar nake iya rubuta maka. Ban so ka ji ka tayar da hankalinka, kai da kake can kai kaɗai."

Da na gaya masa linkin duk sun mutu, ya damu ƙwarai, ya ce da ya sani da ya maƙala mini su kafin ya bar ofis. Na ce ba komai, abin da ya rubuta da hannunsa yana nan a akwatina, na gwamnati ne kawai ya ɓace. Na buɗe waya na karanta masa na akuyar. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi ya ma manta.

Sabon jami'in mutumin kirki ne, aikinsa ba wasa. Yana maƙala komai ya turo, ba ya ƙara ko kalma. Nakan zauna in jira takardun su sauka a hankali, in karanta, in amsa da cewa na gani.

Na riƙa kiran Malam duk Juma'a. Da farko mukan daɗe, amma a hankali zancen ya fara ƙarewa da wuri, don ya fita daga harkar aiki, ni kuma ba ni da wani labari sai na aikin. Sai mu gaisa, mu tambayi iyali, ya ce kada in ƙarar da katina.

Bayan sallah na sake kai masa ziyara. Na tarar da zauren cike da tsofaffin abokan ƙuruciyarsa, ana ta musu kan wata rijiya da ta ƙafe tun suna yara. Ya yi murna da zuwana, ya gabatar da ni, aka koma kan musun. Na ji daɗin ganinsa cikin mutane. Na zauna a gefe har aka yi azahar, na yi musu sallama. A hanya hadari ya taso, na fake a wata rumfa a Yankwashi, da ruwa ya ɗauke na wuce Gwiwa.