Ɓerayen Motar Tsaf-tsaf

Ƙanina ne, ciki ɗaya, ni na goya shi har bayana ya yi kanta, saboda haka in na ce mutumin nan yana da taurin kai kada wani ya ce sharri nake masa. Tsaf-tsaf muke kiransa. Sunan tun yana ɗan mitsitsi ya manne masa, don shi kaɗai ne yaron da na taɓa gani yana birgima da kuka saboda miya ta ɗiga masa a riga. Sauran yara suna cikin taɓo, shi yana gefe yana kaɗe silifa.

Da ya girma sai ya zama direba. Wani kamfanin kayan gini ya ɗauke shi, ya riƙa tuƙa manajansu tun gashinsa yana baƙi har ya yi fari fat. Manajoji suka zo suka tafi, shi yana nan da tsummansa a aljihu. Ko kaza bai taɓa takewa ba, kuma wannan maganar na ji ta a bakinsa har kunnena ya gaji. Ranar da ya ajiye aiki, kamfani ya bar masa tsohuwar motar da ya fi daɗewa yana tuƙawa, wata mai ruwan toka. Ban ga ya yi murna irin ta ranar ba ko da aka haifa masa ɗan fari.

Ɗan farin nan shi ne Akawu, wanda ke aikin ofis. Bayan rasuwar uwarsa ya ɗauko uban ya kawo gidansa, ni ma da nawa mijin ya rasu can aka ajiye ni a ɗakin baya. Muka zama tsofaffin gida biyu, ana gaishe mu da safe, ana duba mu da yamma ko muna numfashi. Matar Akawu nas ce. Yarinya mai kirki, ban musa ba, amma tana iya kallon ƙwayar idonka ta gaya maka abin da ka ci jiya.

Ita ta gano ciwon suga a jikin Tsaf-tsaf. Daga ranar komai mai daɗi ya bar gabansa. Shayi ba suga, abinci a ɗan kwano kamar na mage, ganye safe da yamma sai ka ce akuya aka ɗaure. Bai yi musu ba, don shi ba mai musu ba ne. Mai ɓoyewa ne.

Motar tana tsaye a tsakar gida jikin katanga, kusa da magudanar ruwa, ya lulluɓe ta da tamfol don kada rana ta taɓa fentinta. Kullum da safe ya yaye, ya wanke, ya goge, ya mayar. Fita da ita kaɗan ne, masallaci, asibiti, wani lokaci ya kai ni gaisuwa. Amma kowace la'asar sai ya ɗaga gefen tamfol ya shige ciki, wai yana sauraron rediyo. Na daɗe a duniya, ban taɓa ganin mai sauraron rediyo da muƙamuƙi yana motsi ba.

Wata rana na ƙwanƙwasa masa gilashi. Ya yi tsuru-tsuru, baki cike. Ɗan akwatin gaban motar a buɗe, biskit, alewa, dabino, gyaɗa mai suga, kamar teburin mai tireda.

"Yaya, don Allah," ya ce, yana miƙo mini alewa.

Na ce, "Mayar da abinka, da wane haƙorin zan ci? Ka dai kashe kanka a hankali, kada ka yi gaggawa."

Ban faɗa wa kowa ba. Tsoho da bai da sauran iko da komai sai akwatin gaban mota, me zan karɓe masa?

Ashe ba ni kaɗai na gano shagon ba. Da sassafe wata rana na fito alwala na same shi tsugune a ƙofar mota, ya zuba wa kujerar direba ido kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ƙananan baƙaƙen abubuwa ne a warwatse kamar tsakin shinkafa, ga ledar biskit an yi mata kaca-kaca.

Na ce, "Baƙi ka yi. Ɓera ne."

Ya ce, "Rage murya mana, Yaya!"

Nan ne ya yi kuskuren da babu mai yinsa sai shi. Wani da tuni ya yi kururuwa, a buɗe ƙofofi, a taru a kore su. Shi kuwa tunaninsa biyu ne. In ya ce ɓera, Nas za ta tambayi abin da ya kawo ɓera, ta buɗe akwati. Sannan yaya za a ji cewa motar Tsaf-tsaf, mutumin da manaja ke cire takalmi kafin ya shiga motarsa, ta zama gidan ɓeraye? Sai ya ɗauko tsintsiya da tsumma ya share shaidar tas, ya shiga yaƙi shi kaɗai a ɓoye.

Ya sa tarko da gutsuren biskit. Suka cinye biskit, tarko ya kama yatsansa da ya je dubawa, ya ce wa Nas ƙofa ce ta datse shi. Ya aro magen maƙwabta ya kulle ta a ciki. Mage ba ta kama ko wutsiya ba, ta dai yi fitsari a kujerar baya, ta yayyage ta gaba da farce. Ya shimfiɗa allon gam, da safe ya tarar da tsaka a manne tana kallonsa. Da ya sa guba kuwa, ɗaya ya ci ya je ya mutu can cikin wani lungu bayan sitiyari inda hannu ba ya kaiwa. Warin da motar ta yi, ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya shiga. Ya juye mata turare kwalba guda, ya zama wari biyu.

Na ce masa, "Kai, ka kwashe kayan zaƙin nan, ka cire tamfol, ka matsar da ita daga bakin magudana. Ka ba su ci, ka ba su inuwa, ka ba su ruwa, saura ka sa musu fanka."

Tamfol dai ya ƙi cirewa, wai fenti. Biskit ya kwashe, amma ya makara. Sun riga sun huda soson kujerar baya sun haihu a ciki, in ka kasa kunne kana jin 'ya'yan suna tsuwwa. Da ya janye musu biskit sai suka koma kan waya.

Daga nan mota ta fara abin kunya. Ya kunna sigina ta ƙi. Fitila ɗaya ta mutu. Hon ya riƙa kuka shi kaɗai a ƙofar masallaci ana tsakiyar salla. Batir ya kwana ya mutu, sai da maƙwabta suka tura. Ya lallaɓa wurin mai gyaran wayar mota ba tare da gida sun sani ba. Mutumin ya buɗe bonet, ya ɗago wata waya da aka gwaigwaye, ya yi dariya ya ce, "Baba, zan haɗa maka yau, gobe su yi karin kumallo da ita. Ba waya ce damuwarka ba, 'yan haya ka tara." Ya haɗa. Suka ci. Ya koma. Suka ci.

Akawu yana ganin duk wannan, amma abin da yake gani dabam. A wurinsa Baba ne ke mantawa da fitila a kunne, Baba ne ke karya kwana bai sa sigina ba, Baba ne ke danna hon bai sani ba. Na ji suna magana da matarsa a kicin, tana cewa suga yana taɓa ido, yana taɓa jijiyar ƙafa. Wata yamma ya zauna kusa da uban, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ka yi tuƙi iya tuƙi. Ka huta mana. Duk inda kake so ni zan kai ka."

Tsaf-tsaf ya ce, "Ni da ban taɓa take ko kaza ba?"

"Na sani, Baba. To mu yi haka. Ranar ganin likitanka kai za ka tuƙa mu, ni a gefenka. In komai lafiya, ba zan ƙara ɗaga maganar ba. In ba haka ba, ka ba ni makullin."

Makullin nan, a igiyar wandonsa yake ɗaure shi. Matarsa ta tafi, aikinsa ya tafi, zaƙi ya tafi, gidan ma ba nasa ba. Makullin kaɗai ya rage masa, abin da in ya murɗa wani abu zai amsa masa.

Na same shi na ce, "Ka gaya wa yaron nan gaskiya tun kafin ranar." Ya ce in bari ranar ta wuce tukuna, daga baya ya san yadda zai yi da su. Ranar kuwa tun da gari ya waye yake cikin motar. Ya fito da shimfiɗun ƙasa ya wanke, ya bi kowace kusurwa da buroshi, ya rufe yagar mage da sabuwar rigar kujera, ya toshe ramin soso da tsumma. Mota ta fito tana ƙyalli kamar amarya. Na ce ni ma zan je a auna mini jini, na shige baya.

Wallahi ya yi tuƙi. Mutumin da aka yi don sitiyari ne. Ba girgiza, ba fizga, giya tana shiga kamar cokali a man shanu. Siginar da aka haɗa jiya ma ta yi aiki. Na ga Akawu ya fara sakin jiki, har ya jingina.

Muna gab da shataletalen da ke kusa da asibiti na ga wuyan Tsaf-tsaf ya sandare. Gumi ya keto masa ta bayan kunne. Na leƙa ta tsakanin kujeru, sai na ga ƙafar wandonsa ta dama tana motsi ita kaɗai, wani ƙullutu yana hawa daga ƙwauri zuwa gwiwa. Ya daure, Allah ya sani ya daure, bai ko kalli ƙasa ba. Da abin ya wuce gwiwa sai ƙafar ta ƙwace masa. Ya taka totur, ya taka birki, mota ta yi tsalle ta hau gefen titi ta ture teburin wani mai lemo. Lemo ya watse a kwalta, mai lemo yana salati, na baya suna hon. Ba wanda ya ji ciwo. Da idona na ga wutsiyar ta faɗo daga wandon ta shige ƙarƙashin kujera.

Ya ɗago ya kalle ni ta madubi. Kallon da yake mini ke nan yana yaro in ya fasa tulu.

Akawu ne ya tuƙo mu gida, ya miƙa wa uban makulli, shi kuma ya mayar igiyar wando. Muna shiga na kasa riƙe bakina, dama bai saba riƙuwa ba.

"Ɓera ne ya shiga wandonsa. Motar nan cike take da ɓeraye, su ke cin wayar. Ubanka lafiyarsa ƙalau."

Akawu ya yi ɗan murmushin da ake yi wa tsofaffi. "Gwaggo, na san kina son ƙaninki."

"Ni kake wa kallon mai ƙarya? Buɗe ka duba!"

Ya buɗe. Ya duba ƙasa, ya duba but ɗin kaya a baya, ya buɗe akwatin gaba, babu komai sai takardun mota a jere da tsumma a ninke. Nas ta leƙa, ta shafa kujera da yatsa, ta ce, "Gwaggo, ɗakin tiyatarmu bai kai motar nan tsabta ba." Duk shaidar da za ta cece shi, shi ya share ta da hannunsa da safe.

Akawu ya juya wurin uban. "Baba, kai ka faɗa. Akwai ɓera a motarka?"

Kalma ɗaya ce. Na zuba masa ido, na ce a raina, faɗi mana, mai taurin kai, a yi maka faɗan biskit a wuce wurin. Ya kalli Nas, ya kalli maƙwabtan da suka leƙo ta ƙofa, ya kalli motar tana sheƙi a rana.

Ya ce, "Ni motata ba ɓera."

Ya kwance makullin ya miƙa.

Akawu bai sayar da ita ba, ya ce a bar wa Baba ya riƙa gani. Tana nan jikin katanga, a kulle, makulli yana ɗakin Akawu. Na sake tayar da maganar sau da yawa, har Nas ta fara tambayata ko ina yawan ganin abubuwa, sai na ja bakina na tsuke kafin ni ma a ƙara mini magani.

Har yanzu kullum da safe yana yaye tamfol ya wanke ta, ya goge gilashi har ya ɗauki ido. In ya gama sai ya kara goshi a jikin gilashin yana kallon ciki. Baƙin tsakin nan ya rufe kujerar direba, soso ya fito ta ko'ina, ga tsumma a hannunsa, ba ƙofar shiga.

Jiya ina zaune a kujerata ina shan hantsi, ya juyo ya ce, "Yaya, kin ji su?"

Na ce ina ji.