Telan Rigunan Ƙwallo a Goronyo

Nasrullahi tela ne a Goronyo, yana da ɗan kamfanin ɗinka rigunan ƙwallo. Ƙungiyoyin samari tun daga Rimawa har Rabah wurinsa suke zuwa. Da yadin leda mai sheƙi yake aiki, ƙyallayen da suka rage kuwa a bayan shago ake zubarwa, ruwan damina ya kwashe.

Wata safiya yayansa Usaini, mai noman albasa a ƙasan dam ɗin garin, ya shigo ya juye masa buhu a kan tebur. Ƙyallaye ne ja da kore, sun cuɗe da laka.

"Yaya, mi yaf faru?"

"Daga bakin injin ban-ruwana nac ciro su. Abin nan ko ƙasa ba ta cin shi."

Maganar ta zauna wa Nasrullahi a rai. Ya daina sayen leda, ya koma yadin auduga, ragowar kuma yana cusawa a matasai. Sai dai samari suka ce rigar in ta sha gumi nauyi take yi kamar jiƙaƙƙen bargo. Suka koma wa 'yan gwanjo, masu sayar da irin waccan ledar a arha.

Ciniki ya mutu, ya sayar da kekunan ɗinkinsa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu faci yake yi a wata rumfa a bakin kasuwa. In an tambaye shi ko zai koma wa leda, sai ya ce zuciyarsa ta ƙi, amma shi kam bai ga abin da barinta ya gyara ba.