Santimitar da Na Bari a Lissafinsa

Ni na cuce shi, kuma da gangan na yi. Gara in faɗa maka wannan tun farko. Har yau idan motar albasa ta wuce ta gaban shagona a Maiyama, warin nan ya bugi hancina, ɗan kawuna nake tunawa.

A gidanmu na Jega ya zauna don makaranta, shekarun da aka ba mu jiharmu sabuwa. Daga Kashin Zama kawu ya kawo shi. Ajinmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya, tuwon dawa ma a kwano ɗaya Inna ke zuba mana. Ya fi ni kai, kowa ya sani, ni ma na sani, kuma abin yana cina. Kawu kuwa ya riga ya yanke magana: in yaron bai samu gurbin makarantar kimiyya a shekarar ba, ya koma gona, don hannu ya yi masa kaɗan a fadama. Gurbin kuma ɗaya aka ba makarantarmu.

Da lokacin cirar albasa ya zo, aka kira shi gida ya taya aiki. Yana can malamin fiziks ya koya mana ƙarfin filin lantarki tsakanin caji biyu. Ka ninka cajin da lambar nan ta dindindin, ka raba da nisa ninki kansa, amsa ta fito a niyuton bisa kulom. Amma malam ya ja kunnenmu: nisa sai an mai da shi mita. Ya ce wanda ya rubuta lamba ba ma'auni kamar wanda ya shiga kasuwar Aliero ne ya ce ya kawo arba'in, bai ce buhu ko kwando ba.

Ɗan kawuna ya dawo hannuwansa duk sun tsage. Bayan la'asar muka zauna gindin darbejiya, ya ce in nuna masa abin da ya wuce shi. Na zana caji biyu a ƙasa, ɗaya mai ƙari ɗaya mai ragi, santimita ashirin a tsakaninsu, wato goma daga kowanne zuwa tsakiya. Na nuna masa cewa a tsakiya ƙarfin biyun haɗuwa suke, tunda gefe ɗaya suka nufa. Nan take ya gane. Sai ya tsaya.

“Wagga goma hwa, haka za a sa ta, ko sai an juya ta?”

Na ce, “Sa ta yadda ka gan ta.”

Bai sake tambaya ba, don ni ne na faɗa.

Irin tambayar ce ta fito a jarrabawar zaɓe. Amsarsa ta gaza gaskiya sau dubu goma. Malam ya ɗaga takardarsa a gaban aji, ransa a ɓace, ya ce, “Kai da nake taƙama da kai? Wa ya koya maka wannan?” Ɗan kawuna ya juyo ya dube ni, kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Sannan ya ce, “Kuskurena ne, Malam.”

Ni aka ba gurbin. Kawu ya zo ranar kasuwa ya tafi da shi, har ya sa mini albarka. A can ban yi nisa ba, na dawo na kama aikin wayarin, wato haɗa wutar lantarki a gidaje. Yanzu yara na latsa waya ta juya musu ma'auni, ba sai sun dogara da bakin ɗan'uwa ba.

Bara na je Kashin Zama na same shi yana ban ruwa, furfura ta fito masa. Ya kashe injin, ya yi mini maraba yadda ya saba, ba yabo ba fallasa. Na tsuguna a bakin wani kwalbati na ce, “Ɗan'uwa, ranar nan gindin darbejiya na san sai an mai da ita mita. Na sani, na ɓoye maka don in samu gurbin. Ka rufa mini asiri a gaban malam, ni kuwa na ci amanarka. Don Allah ka yafe mini.”