Jirgin da Labbo Ya Hana Ni

Duk wanda ya san Malam Labbo a Talata Mafara ya san ba a gaisawa da shi a koma gida da hannu mai tsabta. Kullum yatsunsa baƙi ƙirin da fenti, ga burushi maƙale a bayan kunne, kuma shi ne mai riƙe hannun mutum har sai ya tambayi lafiyar awakinsa. Ni Mamman, shagon ɗinkina na jikin gidansa, Allah kaɗai ya san fararen yadudduka nawa na ɓata wa mutane saboda gaisuwarsa.

Da ƙuruciya aikin reluwe ya yi can Ƙaura, yana zuba wa inji gawayi. Da ya dawo garin da ko layin dogo babu, sai ya shiga ƙera kawunan jirgin ƙasa da gwangwanin madara, kowane bai fi kamu ɗaya ba. Ƙirar ba ta cin lokacinsa, fentin ne aikin. Burushi ma ba ya saye, jelar akuyar maƙwabta yake yi wa aski. Idan ya shafa baƙi, ya ja jan layi, abu ya yi ƙyalli har ka ga fuskarka, sai ya kunna aci-balbal ya turara shi da hayaƙi, ya goga tsatsar tsohuwar ƙusa a ƙafafun.

Na ce, "Malam Labbo, ka gyara abu kuma ka ɓata?"

Ya ce, "Mamman, jirgi na, ba amarya ba."

Idan ya gama, sai ya haɗa hannuwa a baki ya yi kukan jirgi, dogo, har unguwa ta ji. Daga nan ya ɗauka ya ba wani aboki kyauta. To nan fa zancen ya lalace. Na farko Sahabi mai albasa na Bakura ya ba, kasuwa ba ta zagayo ba muka je jana'izarsa. Na biyu ya kai wa Makau direba har Maradun, Makau ya kwanta da ɗan zazzaɓi bai tashi ba. Mai na ukun yana jin sallamarsa ya shige bayan ɗaki ya ƙi fitowa. Labbo ya ajiye masa a zaure ya yi tafiyarsa. Shi ma mun sallace shi.

Iyalan mamatan suka riƙa dawo masa da kayansa a nannaɗe cikin tsumma. Ya jera su a kan kanta a ɗakinsa, kowane yana fuskantar ƙofa kamar masu jiran a ba su hanya. Ɗakin nan ko da rana tsaka sanyi gare shi, kuma kaji ba sa shigarsa. Matarsa Kulu ta roƙe shi ya bar kyautar nan haka.

Ya ce, "Tsohhi na hwa, Kulu. Ni nis sa musu shekaru?"

Wata la'asar ya leƙo shagona da sabon inji a hannu, ko fenti babu, ya ce, "Wanga naka na." Na san ajali na Allah ne, ni kaina na sha faɗa wa masu tsegumi haka. Amma ranar wuyan rigar wani na ɗinke ruf.

Sai dabara ta faɗo min. Labbo ba ya jure aibi. Ko kuskure bai kai ƙwayar gero ba, in dai an nuna masa, sai ya wanke fentin duka da kananzir ya sake daga farko. Ni da ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a hoto, na zama gwanin jirgi. Na ce jan layin ya karkace, ya wanke. Na ce tsatsa ta yi yawa, ya wanke. Wata rana na rasa abin cewa, na ce bututun hayaƙin bai yi kama da wanda ya sha tafiya ba. Ya dube ni, ya dubi bututun, ya ce, "Awo, ka yi gaskiya," ya jawo kwalbar kananzir. Haka muka ci damina muka ci rani, har na aurar da autata, gwangwanin ya fara laushi don wanki.

Wata rana ina kan ɗinki bayan azahar na ji kukan jirgi. Ƙafata ta tsaya a kan keke. Layin ya yi tsit, mai shayi ya kalle ni ya kau da kai. Na tashi na nufi gidansa. Na same shi a zaure, ya rame ƙwarai, jirgin a cinyarsa. Na duba gaba, na duba baya, na leƙa ƙasa. Babu inda zan kama. Fitilar gaban ma ya yi mata wani fari da sai ka ce tana ci.

"Hwaɗi mana, gwani," in ji shi. "Mi yar rage?"

Na ce, "Babu." Na miƙa hannu, don kunyar ƙin kyautar aboki ta fi ƙarfin tsorona.

Ya buge min hannu. "Kai, ɗauke. Na hwasa. Wanga ya yi kyau da yawa, ba a ba tela shi. Nawa na." Ya cusa shi a aljihun rigarsa ya dafe.

Daɗi ya kama ni har na shiga yi masa tsiya, na ce daman na san rowarsa ba za ta bar shi ba. Ya yi ta dariya yana tari, ya ce, "Tahi, Mamman. Kana da sauran ɗunkin mutane."

Kafin Juma'a muka kai shi makwancinsa.

Malamai sun ce, kuma na yarda, gwangwani ba ya kashe kowa. Sai dai Kulu ta gaya min a zaman makoki cewa tun da safen ranar, kafin ya yi kukan jirgin nan, ya sa ta fito masa da farin yadin likkafanin da ya daɗe da ajiyewa a ƙasan adaka. Ya Allah, kai ka san abin da ke ransa lokacin da ya buge min hannu. Ni ban sani ba, ina dai kewarsa. Ka jiƙan Labbo, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka sada mu da shi a inda ba a rabuwa.