Ranar da Aka Yanka Sarƙar Inna

Sana'ata tuƙin adaidaita sahu, daga Fagge zuwa Singa, daga Singa zuwa Sabon Gari, in sake dawowa. Wanda ya daɗe a wannan aiki ko bai so ba sai kunnensa ya cika da hirar mata, don su a wurinsu direba ɗaya yake da ƙarafan babur ɗin. A nan na koyi cewa kayan wuya da na kunne sunaye gare su kamar 'ya'yan gida. Akwai 'yar Dubai, akwai 'yar Saudiyya. Akwai ji'el, wadda aka yi wa ruwan gwal a sama. Akwai fashin, mai ƙyalli ranar Juma'a ta koɗe kafin wata Juma'ar, ta bar wa mace ƙaiƙayi a wuya. In mace ta saka mai nauyi sai su ce ta sha gwal, ko ta ɗau wankan kece raini. In ta aro ce, sun gane, sai su ce wance ta zo da baƙuwa. A da dariya nake yi a raina ina tuƙina. Na daina tun abin da ya sami maiɗakina.

Sarƙa ɗaya gare ta a duniya, ta mahaifiyarta ce, wadda duk muke kira Inna, Allah ya ji ƙanta. Aikin hannu ce, wani maƙerin zinari na cikin gari ya ƙera ta tun Inna tana amarya. Ba ta da irin hasken na yanzu. Jaja-jaja ce, ƙwayoyinta kamar ƙwallon dabino ƙanana, kuma ba su yi daidai da juna ba. Akwai ƙwaya ɗaya da ta ɗan lotsa. Inna ta sha ba da labari cewa maiɗakin nawa ce ta cije ta tana jaririya, lokacin haƙori na mata ƙaiƙayi. Duk suna ko biki ita maiɗakina take sakawa, in ta dawo ta naɗe ta a tsohon ɗankwalin Inna ta mayar ƙasan akwati.

Sai bikin 'yar yayata ya taso. Yaya ita ce babba a gidanmu, ita ta riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu, kuma ban taɓa ɗaga mata murya ba. Tana da kirki, ba zan hana ta nata ba, amma bakinta ya fi reza. Ranar da aka kai lefe mata suka taru a gidanta, maiɗakina ta je da sarƙarta. Matan nan suna da wata gaisuwa da na tsana. Za a rungume ki ana miki sannu da zuwa, hannu kuwa yana wuyanki, an ɗaga sarƙar a tafin hannu an ji nauyinta, an juya bayanta an duba tambari. Kafin a ce ya yara an gama yi miki hisabi.

Yaya ce ta raɗa wa sarƙar suna, gadon kaka. Ta faɗa cikin wasa, ɗaki ya ɗauka. Da aka zo hoto ta ce a cire gadon kakan nan, zai ɓata musu anko. Maiɗakina ta cire ta damƙe a hannu. Ba ta gaya mini ba. A bakin ƙawayen Yaya na ji, washegari, da na ɗauke su zuwa kasuwar Kwari, suna maimaitawa suna shewa a bayana, sun manta mijin wacece ke jan su.

Sunan ya bi ta har lungunmu. Wata maƙwabciyarmu Bayarabiya, haifaffiyar Fagge, mai sayar da fashin a gida, ita kaɗai ta ja ta gefe ta ce kada ta biye musu, abin da ke wuyanta ya fi duk tiren da take tallatawa. Amma murya ɗaya ba ta rinjayar goma. Yaya ta riƙa aike, ta riƙa waya, cewa ita ba za ta ji kunya gaban dangin ango ba, matar ƙaninta guda ta zo da kayan gidan tarihi. Ta ce ai ba sayarwa za a yi ba, canji ne kawai, a ba da tsohon aiki a karɓi sabon yayi, gwal dai gwal ne.

Na gaya wa maiɗakina ra'ayina sau ɗaya, cewa ni a idona babu wadda ta fi ta kyau. Ta ce ai ni namiji ne, ba ni ake kallo a wurin biki ba. Kayanta ne, gadonta ne, ba ni da ikon hana ta. Ranar da suka shirya ma ni na kai su. Na bar zuwa ajinmu na yaƙi da jahilci da yamman nan, na ɗauke su ita da Yaya zuwa kasuwar Sabon Gari, ina tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ko za ta ce in juya. Ba ta ce ba.

Shagon ƙarami ne, duk gilashi da fitilu. Mai shagon wani Alhaji ne mai fara'a, sun saba da Yaya. Ya karɓi sarƙar ya goga a wani baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya gyaɗa kai ya ce gwal ne mai kyau. Sannan ya yi bayani cewa su a ƙa'idarsu tsohon aikin hannu ba a karɓarsa sai an yanka an ga cikinsa, don maƙeran da sukan cika ƙwayoyi da wani abu, kuma sai an cire nauyin abin da aka liƙe ta da shi. In an yanka kuwa ba a fasawa. Ya ɗauko wani ɗan almakashi mai gajeren baki ya ajiye a kan gilashin.

Na matsa kusa da ita na yi ƙasa da murya.

"Ki duba da kyau. In ya yanka, ta tafi ke nan."

Yaya ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai kuma me ya kawo ka cikin maganar mata? Je ka kula da babur ɗinka kada 'yan kama-kama su ɗauke. Ko so kake ta mutu da gadon kaka a wuya?"

Alhajin ya yi dariya, yaransa suka taya shi. Maiɗakina ba ta dube ni ba, ta dubi Yaya, sannan da bakinta ta ce, "A yanka, Alhaji."

Ya bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya yana datsewa, har mai lotsawar. Babu komai a ciki, zalla ce. Ya tattara su da gefen hannu kamar mai share ɓawon gyaɗa ya zuba a sikeli. Na fita waje na tsaya. Na daɗe ina haƙuri da mutane, fasinja ya zage ni na ba shi haƙuri, mai mota ya goge ni na ce Allah ya kiyaye gaba, amma ranar nan haƙurin ya gagare ni.

Bayan an cire wannan an cire wancan, an kuma lissafa ladan aikin sabuwar, abin da ya zo hannunta wata siririyar 'yar Dubai ce mai ɗan fure a tsakiya. Tana ƙyalli, ban musa ba. Yaya ta ce yanzu ta ga mace.

Ranar biki na kai ta, na zauna a waje cikin babur ina jira, wurin da ake ajiye motoci. Mata na fitowa suna shiga. Can sai ga Yaya ta rako wasu manyan baƙi daga dangin ango, maiɗakina na biye da su riƙe da kular abinci. Ɗaya daga cikinsu, wata Hajiya da wuyanta ya cika har ba ta iya sunkuyawa, ta yi mata irin gaisuwar nan, ta ɗaga sarƙar da ɗan yatsa ɗaya. Ta ce, "Ayya, 'yar maneji ce. Ba laifi, ta fi babu."

Na zuba wa Yaya ido ina jiran ta ce wani abu. Ita ta kai ta, ita ta zaɓa, ita ta ce ta ga mace. Sai ta yi dariya tare da su, ta ce ai a hankali ake girma.

Ashe ita ma siririyar da sunanta a ajiye, yana jiran ta. Duk abin da za ta rataya, matan nan suna da abin da za su kira shi, kuma ba mai tambayar wa ya ƙera, wa ya saka kafin ke.

Ba a gama biki ba ta fito ta ce in kai ta gida, kanta na ciwo. Na kai ta. Da safe, ina goge babur, ta fito da mayafinta, ɗankwalin Inna a hannu, sabuwar sarƙar a ƙulle a ciki. Ta ce, "Malam, mu koma. Ko guntayen ne ya ba ni, ya riƙe tasa."

Na san amsar, amma na kai ta. Alhajin ya karɓe mu da fara'arsa, ya saurare ta har ta gama. Ya ce ai tsohon aiki ba ya kwana a shago, tun ranar aka haɗa da na wasu aka kai wuta. Ya buɗe aljihun tebur ya nuna mata wani ɗan curi mai kama da alewar madara, ya ce wataƙila tata na ciki, wataƙila kuma tana cikin wanda aka riga aka tura. Ta miƙa hannu ya ɗora mata. Ta juya shi ta sake juyawa tana dubawa, Alhajin na jira da tafin hannunsa a buɗe. Da wata mai saye ta shigo ya ce, "Hajiya, a ba ni in mayar," ta ba shi.