Baba Iliya da Karnukan Manya

Ana idar da sallar asuba a Unguwar Kanawa, masu fitowa daga masallaci sukan yi kiciɓis da wani dattijo siriri, ɗan rankwafe, shebur a kafaɗa, tsohon bokiti cike da toka a hannu. Baba Iliya ke nan, leburan makarantar firamaren unguwar. Ya gaida su, su gaida shi, ya wuce filin wasan yara. Can zai fara daga gefen darbejiya, yana bin filin layi-layi kamar mai duba shuka, ido a ƙasa. Inda ya ga kashin kare sai ya barbaɗa toka, ya sa shebur ya kwashe har da ƙasar da ke ƙarƙashi, ya sake barbaɗa wata tokar, ya kai ramin da ya haƙa bayan katanga ya binne. Da damina aikin ya fi wuya, don ciyawa takan rufe ƙazantar, sai ya riƙa buɗa ta da sanda yana sunkuye. Kafin a kaɗa ƙararrawa ya gama, ya wanke hannu da sabulu a famfo, ya koma sharar ajujuwa, wadda ita ce ainihin abin da aka ɗauke shi yi.

Haka ya yi tun bayan yaƙin basasa har watan jiya da ya ajiye aiki. Yaranmu kuwa, galibinsu ba takalmi, suna langa, suna 'yar gala-gala, suna birgima a wannan fili, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi yadda aka yi ƙafafunsu ke komawa gida ba wari.

To, karnukan wa ke wannan aika-aika? Kada wani ya ce mini karnukan bola ne. Karen bola yana can inda ake zubar da ƙashi, ba shi da lokacin zuwa makaranta. Waɗannan karnuka ne masu ƙyallin gashi da sarƙa a wuya, na manyan gidajen da ke gabas da filin, inda ba katanga. Tun da tsoron ɓarayi ya shigo gari, duk wanda ya samu gidan gwamnati da 'yar mota sai ya nemo kare. A ɗaure shi yini guda, a ciyar da shi abin da ɗan talaka bai samu ba, da gari ya waye kuma maigida ya ce wa boyi ya fita da shi ya sha iska. Shan iska dai! Kowa ya san ma'anarsa. Maigida ba ya son a ɓata masa ciyawar ƙofar gida da furanninsa, don haka a kai ƙazantar inda 'ya'yan wasu ke zama su ci ƙosai. Wallahi abin yana ƙona mini rai.

Mu kuma sauran jama'a ba mu fita ba. Akwai wata magana da muka daɗe muna faɗi muna jin daɗin bakinmu: ai Iliya Kirista ne, mutumin Kagoro, kare ba najasa ba ne a wurinsa, shi aikin ba ya damunsa. Da wannan muka wanke hannunmu muka bar masa. Wata rana wani mai shayi ya faɗa masa haka ido da ido, wai yabo yake yi. Baba Iliya ya ajiye bokitinsa ya dube shi.

"Malam, hancina irin naka ne," in ji shi. "Abin da ya tayar maka da zuciya, ni ma yana tayar mini. Na dai ga ƙafafun yaran nan ne."

Mai shayin ya ce tun ranar bai sake maimaita maganar ba. Kuma don a sani, Baba Iliya shi ma yana da kare a gida, wani baƙi mai suna Duna da ya taso da shi daga ƙauye. Maƙwabtansa shaida ne, ba su taɓa taka ƙazantar Duna a lungu ba. Yana da raminsa a bayan gida, wanda ya ajiye shi kuma shi ke kwashewa.

Ranar da aka gane nauyin da yake ɗauke mana ita ce lokacin da yayansa ya rasu, ya tafi gida jana'iza, rashin lafiya kuma ta riƙe shi can har makonni. Shekarar da aka fara ilimin firamare kyauta ce, yara sun cika makaranta har wasu na zama a taga. Shebur yana jingine a sito, ba wanda ya taɓa shi. Malamai suka riƙa kewaya filin suna toshe hanci da hankici. A cikin wannan ƙazanta 'yan aji ɗaya suka yi ta wasa, suna tsintar abin da ya faɗi ƙasa suna hurewa suna kai wa baki, kamar yadda yara ke yi. Bayan 'yan watanni Rahmatu, 'yar Jummai mai ƙosai da ke soyawa a bakin ƙofar makaranta, ta fara zazzaɓi da ciwon ciki, sannan idonta na hagu ya soma dushewa. Likita ya ce wa uwar irin tsutsar nan ce da yara ke ɗauka daga ƙasar da dabbobi suka ɓata. An yi magani cikin ya lafa, amma idon bai dawo ba. Yarinya 'yar shekara shida.

Me aka yi? Hedimasta, Malam Husaini, mutumin kirki ne amma ba ya son abin da zai haɗa shi da manya. Ya tara malamai ya yanke cewa an rufe fili, daga yau yara su yi hutun tara a cikin aji. Ɗaruruwan yara cikin ɗakunan kwano, a watan zafi, suna leƙen filinsu ta taga karnuka na zagaye a ciki. Baba Iliya ya shiga ofis ya cire hula ya durƙusa, kamar yadda ya saba.

"Ranka ya daɗe, wato a ɗaure yara a saki karnuka ke nan?"

Malam Husaini ya ce masa ya yi haƙuri, abin ya fi ƙarfinsu. Baba Iliya bai yi haƙuri ba. Ya sa rigarsa ta zuwa coci ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, yana sallama daga bakin ƙofa karnuka na yi masa haushi. Roƙonsa kaɗan ne: kowa ya haƙa rami a bayan gidansa, in kuma an fita da kare, wanda ya fita da shi ya riƙe shebur. Alhaji Shu'aibu, babban akawu a wata ma'aikata kuma shugaban ƙungiyar iyayen yara ta makarantar, ya leƙo daga cikin mota ya tambaye shi don me gwamnati ta ɗauke shi in ba don shara ba. Ya ƙara da cewa shi ko taɓa karen ba ya yi, don gadi kawai ya ajiye shi. Ka ji fa! Tsarkinsa ya hana shi taɓa kare, bai hana shi tura najasar ƙarƙashin ƙafar 'ya'yan Musulmi da na Kirista ba. Mista Yohanna kuma, wanda suke coci ɗaya, ya dafa kafaɗarsa bayan an tashi sujada ya ce kare dabba ce, ina ya san filin makaranta. Baba Iliya ya ce kare bai sani ba, amma mai kare ya sani. Daga ranar Yohanna ya rage amsa gaisuwarsa.

Ana nan ranar rabon kyaututtuka ta ƙarato. Malam Husaini ya kira shi ya ce a gyara fili tsaf, a can za a kafa rumfa, manyan baƙi za su zo. Filin da aka hana yara, za a share wa baƙi. Baba Iliya ya ce to. Ya hau kekensa ya tafi Rigachikun wurin wani manomi abokinsa, ya ɗauro damin karan dawa. Tun da ba yaron da ke shiga filin, sai ya daina kwashewa. Kowace safiya, inda ya ga sabon kashi, ya kafa kara ɗaya a gefensa. Da aka tambaye shi, ya ce alama yake sawa.

Safiyar bikin duk wanda ya iso sai ya tsaya turus. Filin ya zama gona, kara tsaye ko'ina, ya fi yawa ta gabas, ya yi layi har bakin hanyar da ta nufi gidajen manya. Motar Alhaji Shu'aibu ta tsaya, ya fito cikin babbar riga yana tambaya wane shashanci ne wannan. Baba Iliya yana tsaye da shebur ɗinsa, ya kuwa san abin da zai iya biyo baya.

"Ranka ya daɗe, abin da nake binnewa kullum ne kafin ku tashi barci. Yau na bari ku gani da idonku."

Kafin wani ya ce uffan, Jummai ta bar kaskonta a wuta, ta riƙo hannun Rahmatu ta kawo ta gaban rumfa ta tsayar. Ba ta yi zagi ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai ɗaga haɓar yarinyar don kowa ya ga idon. Waɗanda suke wurin sun ce Alhaji ya rasa inda zai sa fuskarsa, Mista Yohanna kuwa ya sulale ya koma gida.

Kuna tsammanin an gode masa? Kafin azahar an ce ya tafi gida sai an neme shi, wai ya kunyata makaranta gaban baƙi. Mutumin da saura masa kaɗan ya yi ritaya da mutuncinsa. Matarsa Saratu ta gaya mini ranar ko tuwo bai ci ba, ya zauna a dakali yana kallon ƙasa. Ta yi masa faɗa, ta ce ina ruwansa da rigimar manya, ya ce in ya yi shiru gobe idon wa za a nema.

Mata ne suka fitar da mu kunya. Washegari Jummai ta jawo iyaye mata, masu lulluɓi da masu ɗankwali, suka tuge karan nan kaf, suka je suka kakkafa su a ƙofar duk gidan da ke da kare, cikin furannin da ake ji da su. Daga nan suka zarce ofishin hedimasta suka ce ba yaron da zai sake zuwa sai an dawo da Iliya an buɗe fili. Maganar ta kai kunnen duba-gari, ya zagaya gidajen. Ba a yi mako ba aka aika a kira Baba Iliya. Ranar da aka buɗe filin, yara suka fita da gudu kamar an buɗe wa awaki garke, shi kuma yana tsaye gindin darbejiya yana share ido da hularsa.

Baba Iliya, kai ne ka sunkuya shekara da shekaru don 'ya'yanmu su miƙe su yi gudu. Kai ne ka ɗauki abin da masu shi suka ƙi kallo, ba ka taɓa tambayar ɗan wa zai taka ba. Namijin duniya, mai shebur da ya fi masu babbar riga kunya. An wulaƙanta ka a bakin ƙofofi, an kore ka don ka faɗi gaskiya, ka dawo ba ka riƙe kowa a zuci ba.

Ba zan yi ƙarya in ce kowa ya gyaru ba. Wasu gidajen sun haƙa rami, an kuma ga boyin Alhaji Shu'aibu da ɗan shebur yana bin kare yana tsaki. Wasu kuwa da ƙurar ta lafa suka koma gidan jiya. Watan jiya aka yi wa Baba Iliya taron sallama a wannan filin, aka yi jawabai, aka ba shi bargo da agogon bango. Da aka ce ya yi magana, sai ya ɗaga shebur ɗinsa ya tambaya wa zai miƙa wa. Aka yi dariya, aka tafa, aka ɗauka raha yake. Ya tsaya riƙe da shi, hannu a miƙe, har dariyar ta mutu. Ba wanda ya karɓa. Ya juya ya jingine shi a jikin darbejiya.

Sabon leburan da aka turo ya ce shi sharar aji aka ɗauke shi, kuma gaskiyarsa. Ranar Litinin da ta biyo baya na fito da sassafe, sai ga Baba Iliya a tsakiyar fili, sunkuye, hannu ɗaya dafe da ƙugu, yana barbaɗa toka. Na ce, Baba, ba ka yi ritaya ba?

"Na yi, ɗana," ya ce. "Karnukan ne ba a gaya musu ba."

Ya yi dariya. Ni ban iya ba, kunya ce ta rufe ni.

Mun gode, Baba Iliya. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar baya, ya sa jikokinka su taka ƙasa mai tsabta duk inda suka je. Ku kuma masu karnuka, na masallaci da na coci, wanda ya ajiye kare ya ajiye har da abin da ke fita daga cikinsa. Ku haƙa rami a gidajenku. In kun saki, ku bi baya ku kwashe. Rahmatu tana aji uku yanzu, tana karatu da ido ɗaya, ƙannenta kuma suna wasa a wannan filin ba takalmi. Shebur ɗin yana nan jingine a darbejiya. Gobe da asuba wani cikinmu ya riga tsohon nan zuwa, don in ya iso ya tarar an gama, ya koma gida ya kwanta.