Dajin da Muka Share

A gidanmu a Zuru, ƙirjin namiji wurin rataya lamba ne. A bangon falo akwai hoton kakana da lambobin yaƙinsa, kusa da shi na babana, sai na ƙanen babana, kowa ya murtuke fuska kamar mai hoton ya zage shi. Ni kuwa abin da Allah ya rataya mini a ƙirji asma ce. Tun ina ƙarami kowa ya san ba za a ɗauke ni soja ba, sai dai ba wanda ya taɓa faɗa a gabana. In baƙi suka tambayi abin da zan zama, sai Mama ta ce ai ina da ƙoƙari a lissafi, ta tashi ta je duba tukunya.

Shi ya sa na shiga sikawut ina ƙaramar sakandare, a shekarun da wayar salula ta fara shigowa garinmu. Su ma dai suna da kaki, suna da bajo, kuma ba sa auna ƙirjin kowa.

Shugabanmu wani tsohon soja ne da ya yi ritaya ya rasa wanda zai yi wa tsawa. Kowa Saje yake ce masa, har matarsa. Shi ya gaya mana cewa bajon fita daji uku ne: na kwana a daji, na tafiyar ƙasa, da na kula da daji. Da na kawo labarin gida, Baba yana ɗaure takalmi zai koma bakin aiki, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ka cika ukun kafin in zo hutun Kirsimeti, in kai ka gidan hoto." Bai ce za a rataya hoton a bango ba, amma a gidanmu ba a yin hoto don a sa a akwati. Na so bangon nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Bajo biyun farko ba su ba mu wahala ba. Yawancinmu 'ya'yan manoman kan dutse ne, sauran 'ya'yan sojoji ne da kakanninsu ke noma a kan dutsen. Yaron da ke kwana a gona lokacin girbi aka ce za a ba shi bajo in ya kwana a tanti. Wasu ma sun ce ba su taɓa samun barci mai daɗi irin na ranar ba.

Tafiyar ƙasa kuma hanyar Mahuta muka bi, a jere, kowa da sanda da gorar ruwa, Saje na gaba yana ƙirga mana ƙafa. Wasu mata ɗauke da itace suka cim mana, suka tambaya ko motarmu ce ta lalace, suka yi mana jaje, suka wuce. Ni ne na ƙarshe da ya iso, ƙirjina na ƙara. Saje ya saurara ya ce daga yau ba sai ya riƙa ɗauko usur ba. Amma na iso, kuma Mama ta ɗinka mini bajo biyu a saman aljihu, ta bar wurin na uku.

Na ukun ba Saje ne ke bayarwa ba. Wani malamin daji ne zai zo daga Birnin Kebbi ya duba mu. Tun da damina ya zo ya zaɓi wuri a gefen wani tudu bayan gari, tsohuwar gonar wani dattijo da aka daɗe da barinta ta huta har ta koma kurmi. Ya ce mu yi zango a nan bayan ɗaukewar ruwa, mu kula da wurin, ranar tashinmu zai zo ya gani. Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Bai ƙara bayani ba, don a ganinsa maganar a fili take.

A ganinmu ma a fili take. Saje ya yi shekarunsa a bariki, kuma a bariki in babba zai zo duba wuri, abu ɗaya ake yi: a share. Mu kuma tun muna goye muka san abin da ake yi wa gonar da ta koma kurmi. Da ilimin bariki ya haɗu da ilimin gona, ba a samu saɓani ko kaɗan ba.

Ba wanda ya ce mu zo da adda, amma kowa da tasa ya zo. Muka fara da sabara, muka bi da kalgo da geza, muka tuge saiwoyi don kada su sake tsirowa su ba mu kunya. Muka tara ganye da rassa muka cinna musu wuta. Akwai wani suri mai tsayin mutum a tsakiyar wurin, Saje ya zagaya shi ya ce ya ɓata layi, muka baje shi. Ɗorawa da kaɗanya kaɗai muka bari, don a ƙasarmu ko mahaukaci ba ya sare su. Su kuma muka shafa musu farar ƙasa har zuwa ƙugu. Yaran kan dutse suka jera duwatsu a gangare kamar yadda iyayensu ke yi don tare ƙasa, Saje ya sa aka shafa musu farar ƙasa su ma. Ni aikina shara, saboda hayaƙi. Na share wurin nan har ana ganin sawun ƙadangare.

Ana cikin haka dattijon mai gonar ya hauro da sandarsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi Saje cikin yarenmu ko golmo muke yi, wato noman da samari ke yi wa surukai kafin a ba su mata. Ya ce in haka ne an yi kuskure, don 'ya'yansa mata duk sun yi aure. Da aka ce masa sikawut ne, ya ce bai san su ba, amma Allah ya yi musu albarka. Da yamma ya aiko mana da zakara.

Washegari da hantsi muka ji babur. Muka jeru, kaki a goge, Saje ya ƙame ya sara. Malamin daji ya sauka, ya cire hular kwano, ya dubi gabas ya dubi yamma. Ya juya ya kalli hanyar da ya biyo, kamar mai zaton ya yi ɓatan kai.

"Saje, ina dajin?"

"Ga shi nan, yallaɓai. An gyara."

"Wanga wuri na zaɓe shi don itatuwan da ke cikinai. Ina sunka tahi?"

Saje ya nuna tarin toka.

"Surin hwa?"

"Ya ɓata layi, yallaɓai."

Malamin daji bai yi faɗa ba. Ya nemi dutse ya zauna, ya dafe kai. Ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa cewa farar ƙasar ba ta gama bushewa ba. Can ya ɗago ya ce abin da ake so shi ne mu kwana a daji mu tashi, dajin bai san mun zo ba. A bar wa tsuntsu sheƙarsa, a bar wa gara gidanta, a bar wa ƙasa abin da ke riƙe ta in ruwa ya sauko. Muka saurara da ladabi. A lokacin na fara jin cewa akwai wanda ake biya albashi don ya hana gyara.

"Shekaruna ga aikin ga," in ji shi, "ban taɓa ganin an kashe daji da tsafta irin wagga ba."

Saje ya ce, "Mun gode, yallaɓai."

Hukuncin da ya yanke shi ne babu bajo. Zai aiko da dashe, kowa ya shuka nasa a wurin, ya raya shi har ruwan farko ya sauka, sannan ya dawo ya gani. Wanda nasa ya rayu ya sami bajo. Ya hau babur ya tafi da farin tambari a bayan wandonsa. Sauran yara dariya suka yi ta yi a hanyar gida. Ni ban yi ba, don na san Kirsimeti za ta riga damina zuwa.

Wasu sun sami kashu, wasu mangwaro, masu sa'a suka sami dogon yaro wanda ko an zage shi sai ya girma. Ni ɗorawa ta faɗo mini, 'yar siririya mai ganye kaɗan, itaciyar da ba ta san gaggawa ba. Kullum da safe kafin makaranta in cika jarka a rijiya in hau tudu. Ina hutawa a hanya fiye da yadda nake tafiya.

Baba ya iso ana saura kwanaki Kirsimeti. Bayan ya ci abinci ya ce in sa kakina in zo. Na tsaya a gabansa, a ƙarƙashin hotunan.

"Biyu na gani."

"Na ukun sai damina, Baba."

"Me ya faru?"

Na ba shi labari tun daga adda har zuwa toka. Ya saurara bai katse ni ba.

"Duwatsun kun shafa musu farar ƙasa?"

"Mun shafa."

"A layi?"

"A layi."

Ya ɗaga kai ya kalli bango. Sannan ya ce, "To me mutumin yake so?" Ba a yi maganar gidan hoto ba. Na je na cire kakin na ninke, na zauna a bayan ɗaki inda ba wanda zai ga fuskata.

Da safe na ɗauki jarka, sai na ji takun Baba a bayana. Ya ce zai je ya ga wurin da idonsa. Muna tsakiyar tudu ƙirjina ya fara abin da ya saba. Na yi ƙoƙarin danne shi, don ban taɓa yarda Baba ya ji shi sosai ba, amma asma ba ta san soja ba. Ya tsaya. Ya saurara har na gama tari. Bai ce sannu ba, ya miƙo hannu ya karɓi jarkar ya ɗora a kafaɗa.

"Kullum haka kake hawa?"

"E, Baba."

"Kai kaɗai?"

"E."

Muka ci gaba da tafiya, ya rage sauri.

Da muka isa ya fara duba sharar tukuna, ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya tsuguna gaban ɗorawar ya ce wannan ko akuya mai azumi za ta cinye ta. Ya saro ƙaya ya yi mata shinge, ya fasa ƙasan wata tsohuwar tukunya ya binne a gindinta don ruwa ya riƙa tsattsafowa a hankali. Daga ranar har hutunsa ya ƙare, shi ke ɗaukar jarka ni ina bin sa da hannu banza. Abokansa na jiransa wurin shan burkutu, shi yana kan tudu yana ƙirga sabon ganye. Ba mu yin hira sosai. Amma ban taɓa samun babana kamar yadda na same shi a kan hanyar nan ba, kuma na ji daɗi ƙwarai.

Ranar ƙarshe ya kasa haƙuri. Ya jera ƙananan duwatsu kewaye da shingen, ya fito da farar ƙasa daga aljihu. Na ce malamin daji ba ya so. Ya ce malamin daji ba shi ya ɗauki jarka ba. Da muka dawo gida ya ɗauko guduma ya buga ƙusa a bangon falo, kusa da hotonsa, ya ɗauki jakarsa ya tafi tasha.

Ɗorawar ta rayu. Da ruwa ya sauka malamin daji ya dawo, wannan karon ya duba dutse kafin ya zauna. Dattijon mai gona ya riga ya shuka dawa a duk filin, tsakanin dashenmu, yana yabon sikawut a kasuwa. Malamin daji ya kalli dawar ya yi ajiyar zuciya, ya zo kan ɗorawata ya kalli fararen duwatsun ya sake yin wata, sannan ya miƙo mini bajo.

Ranar na je wurin mai waya a ƙarƙashin lema a bakin kasuwa, aka kira mini Baba. Layin na yankewa. Na ce na samu na ukun.

"Ta yi ganye?"

"Ta kai mini gwiwa, Baba."

"Shingen fa?"

"Yana nan."

"To. Bajon nan rabinsa nawa ne. Kada ka yi hoton sai na zo, mu tsaya tare."

Daga nan aka tura su aiki ƙasar waje. Bai dawo ba. Akwatinsa da lambobinsa aka kawo mana kafin wata Kirsimetin.

Ɗorawar yanzu ta fi ƙarfin akuya, mata na tsintar kalwa a gindinta, jikokin dattijon kuma sun ɗauka ita ta shuka kanta. Hoton ban yi ba. Ƙusar na nan a bangon falo. Mama mace ce da ba ta ganin ƙusa ta ƙyale, ko'ina a gidan akwai kalanda ko leda ko mabuɗi a rataye, amma wannan ba ta taɓa rataya mata komai ba.